RA'AYINMU: Wayar da ke aljihunka ta san inda ka kwana

 

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana ya faru ne a gaban idonmu. Kwanan baya, bayan an tashi daga taron fastoci da dattawa, muna zaune a inuwa muna jiran abinci, sai wani saurayi da ke karatun kwamfuta a Zariya ya karɓi wayar mahaifinsa, wanda dattijo ne a ɗaya daga cikin ikilisiyoyinmu. Ya latsa nan, ya latsa can, sai ga taswira ta fito. A kanta akwai ranar da dattijon ya kai rake kasuwar Makarfi da ƙarfe nawa ya isa, akwai hanyar da yake bi zuwa gona kowace safiya, akwai kwana uku da ya yi yana jinyar ƙanensa a asibiti, har da gidan da ya sauka. Dattijo ya riƙe baki ya ce, "Wa ya gaya mata duk wannan?" Yaron ya ce, "Baba, ai ba wanda ya gaya mata, tare kuke zuwa." Aka yi dariya. Amma dariyar ta tsaya da yaron ya tambaye shi wanda ya buɗe masa asusun Google da ke kan wayar. Ya ce yaron shagon da ya sayi wayar ne. Ya san kalmar sirrin? Ya ce bai taɓa jin ta ba. Da muka zagaya da tambayar, yawancin waɗanda ke zaune a wurin, har da mai wannan rubutu, ba mu iya cewa mu kaɗai muka san makullin wayoyinmu ba.

Ba mu ce yaron shagon mugu ne ba. Mai yiwuwa ya daɗe da mantawa. Amma duk wanda ke riƙe da wannan kalmar sirri yana iya zama a ɗakinsa ya ga inda wayar dattijon take a daidai wannan lokaci, ta hanyar da kamfanin ya tanada domin neman wayar da ta ɓace. A ƙasar da ake zaman lafiya wannan ƙaramin abu ne. A jiharmu kuwa ba haka yake ba.

HALIN DA MUKE CIKI

Rahoton tsaro na gwamnatin Jihar Kaduna ya nuna cewa a shekarar 2021 kaɗai an kashe mutum 1,192, an kuma yi garkuwa da mutum 3,348. A wannan shekarar ce aka shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a Zariya cikin watan Yuni, aka kwashe malamai da ɗalibai. A ranar 5 ga Yuli aka ɗebe yara 121 daga makarantar sakandare ta Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun, iyaye da ikilisiyoyi suka yi watanni suna kuka suna tara kuɗi. Mu a nan arewacin jihar mun daɗe muna ganin abin na nesa ne, har zuwa daren 1 ga Satumba 2023, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Saya-Saya a ƙaramar hukumar Ikara suka kashe mutum bakwai, yawancinsu suna cikin masallaci suna salla. Maƙwabtanmu ne, da su muke cin kasuwa. Mai neman kuɗin fansa ba ya tambayar addininka kafin ya ɗauke ka.

Abu guda ne kowane mai garkuwa da mutane yake bukata kafin ya fito daga daji: ya san wa zai ɗauka, a ina, kuma yaushe. Gwamnati ta san da hannun waya a wannan sana'a, shi ya sa daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021 aka toshe layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin jihar nan. Amma gwamnati ba za ta iya shiga aljihun kowa ta gyara masa wayarsa ba. Wannan aikinmu ne.

Dole kuma mu faɗi gaskiya, kada mu tsorata ku da abin da ba haka yake ba. Yawancin mutanen da aka ɗauke a ƙasar nan ba wani gwanin kwamfuta ne ya gano su ba. Infoma ne, mutum mai ido da kunne da ke zaune a cikin gari, domin da ɗan gari akan ci gari. Sai dai a da infoma sai ya taka da ƙafarsa ya yi leƙen asiri, yana iya haɗuwa da wanda zai gane shi. Yau waya ta sauƙaƙa masa aikin, kuma sau da yawa mu da kanmu muke aika masa da labarin.

YADDA WAYA KE SANIN INDA KAKE

Mu da muka ga zuwan wayar salula a shekarar 2001 muna tuna lokacin da mutum ke hawa tudu ko bishiya yana neman sabis. Tun a lokacin, kamfanin layi ya san turken sadarwar da wayarka ke magana da shi, saboda haka ya san yankin da kake. Wannan yana nan har yau, ko ƙaramar waya ce mai tocila a hannunka, kuma ba ya tsayawa sai an kashe wayar. Wannan bayani yana hannun kamfani da hukuma, ba kowa ke kai wa gare shi ba.

Babbar waya ta zamani ta ƙara wani abu. A cikinta akwai na'urar da ke sauraron taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda Amurka ta harba, guda talatin da 'yan kai, suna yawo a nisan kilomita wajen 20,000 daga ƙasa. Idan waya ta ji huɗu daga cikinsu, tana iya lissafa inda take, kuskuren bai wuce 'yan mitoci ba idan a fili ake. Wato tana iya bambanta ɗakin fasto da majami'a. Taurarin ba sa ganinka, wayar ce ke lissafi. Matsalar tana farawa ne lokacin da manhajojin da ke cikin wayar suka karɓi wannan lissafi suka aika da shi waje ta intanet. Abin da yaranmu ke kira lokeshan ke nan.

Kada wani ya ce ai wannan sai talaka marar ilimi yake samu. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan shekara 20 a ƙasar Ostareliya ya duba taswirar da kamfanin Strava ya wallafa, mai nuna hanyoyin da masu motsa jiki ke bi da gudu, sai ya ga siffar sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan ta fito sarai, domin sojojin suna gudu da na'urorinsu a kunne. A Disambar 2012 kuma John McAfee, mutumin da ya yi suna da ƙera manhajar kare kwamfuta, yana ɓoye a ƙasar Gwatamala, sai 'yan jaridar da ke tare da shi suka sa hotonsa a intanet. A cikin hoton akwai lambobin wurin da aka ɗauke shi, waɗanda kyamarar waya ta rubuta da kanta. Cikin 'yan kwanaki aka kama shi. Idan haka ta sami soja da masanin kwamfuta, ina ga ni da kai?

ƘOFOFIN DA MUKE BARI A BUƊE

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga tsagogin da muka fi gani a cikinmu.

Na farko shi ne asusun da wani ya buɗe maka, kamar na dattijon da muka ambata. Na biyu shi ne wayar da ke barin hannunka. Saboda rashin wuta muna kai waya wurin mai caji ta wuni, muna barin ta wurin mai gyara ta kwana, muna ba kowa aro ya yi kira. Idan ba a kulle take ba, minti biyu sun isa mutum ya haɗa WhatsApp ɗinka da tasa na'urar ya riƙa karanta duk saƙonninka, ko ya sa maka manhajar leƙen asiri da ba za ka ga alamarta ba.

Na uku shi ne manhajojin da muke zubawa a waya ba tare da tambaya ba. A shekarar 2013 hukumar kare masu saye ta Amurka ta kama wani kamfani da ya yi manhajar tocila kawai, amma tana aika wa 'yan talla inda masu amfani da ita suke. Me tocila za ta yi da sanin inda kake? A nan gida mun ga manhajojin ba da rance da ke kwashe sunayen da ke cikin waya su riƙa aika wa dangin mutum da fastonsa saƙon cin mutunci. Tun daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji da ke rumbunsa taɓa lambobin mutane da hotuna da ainihin wurin da mai waya yake. Amma wannan doka ba ta kai ga manhajar da aboki ya turo maka daga wayarsa ba, irin su jabun WhatsApp da matasa ke so saboda ado. Ba ka san wanda ya ƙera ta ba, ba ka san inda take kai labarinka ba.

Na huɗu shi ne saƙon yaudara. A turo maka cewa gwamnati ko wata ƙungiyar Turawa tana raba tallafi ga gwauraye da marayu, ka latsa nan ka cike sunanka. Kana latsawa a nemi izinin sanin inda kake, kai kuma ka yarda. Ko kuma a kira ka da murya mai ladabi, a ce daga ofishin gunduma ne, za a yi taron addu'a ta intanet, an turo maka lambobi shida, ka karanto su domin a sa sunanka. Waɗannan lambobi shida makullin WhatsApp ɗinka ne. Kana faɗa, ka fita, shi ya shiga. Daga nan yana cikin zauren fastoci da na Zumuntar Mata da sunanka, yana karanta wa zai yi tafiya, wa ke riƙe da kuɗin gini, yaushe za a kai su banki, yana kuma roƙon kuɗi a wurin 'yan'uwa kamar kai ne.

Na biyar, wanda ya fi duka girma, shi ne bakinmu. A nan ba a bukatar mai kutse ko kaɗan.

DARASIN HEZEKIYA

A cikin 2 Sarakuna sura 20 mun karanta yadda jakadu suka zo daga Babila gaishe da sarki Hezekiya bayan ya warke daga ciwo. Don murna, ya zagaya da su ya nuna musu taskarsa duka, azurfa da zinariya da ɗakin makamai, bai ɓoye kome ba. Annabi Ishaya ya zo ya tambaye shi abin da baƙin suka gani, sa'an nan ya sanar da shi cewa duk abin da ya nuna, Babila za a kwashe shi a kai. Hezekiya mutumin kirki ne, mai addu'a, Allah ya ji kukansa ya ƙara masa shekara goma sha biyar. Abin da ya ci shi, bai san wanda yake nuna wa ba.

Mu duba kanmu. Ranar godiyar kaka mukan ɗauki hoton buhunan masara da aka tara a gaban bagade mu sa a Facebook, da sunan ƙauye. Ranar ƙaddamar da asusun gini ana nuna taron kai tsaye, mai sanarwa yana kiran sunan kowane mai bayarwa da adadin da ya bayar, babban baƙo yana zaune ana haska fuskarsa, motarsa da lambarta suna bayansa, kuma kowa ya san hanya ɗaya ce zai bi ya koma Zariya ko Kano kafin dare. Ɗan'uwa zai rubuta a zauren mutum ɗari biyu cewa a yi masa addu'a, gobe da asuba zai tafi Kaduna karɓo kuɗin sallamarsa daga aiki. 'Yarmu da ke makaranta za ta sa hoto da kayan makaranta a bakin ɗakin kwanansu. Niyyar duka mai kyau ce, shaida ce da godiya. Amma a zauren mutum ɗari biyu, lambobi nawa ne ka san masu su? Nawa ne aka sace wayarsu, ko suka sauya layi ba a cire tsohon ba?

Za a ce mana, ashe ba a umarce mu mu ba da shaida ba? Ashe ba Ubangiji ne mai tsaronmu ba? Haka ne, kuma ba mu ce a daina shaida ko a zauna cikin tsoro ba. Amma Littafi Mai Tsarki bai taɓa haɗa bangaskiya da sakaci ba. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Da Hirudus ya nemi masanan nan na gabas su dawo su gaya masa inda jaririn yake, Allah da kansa ya gargaɗe su suka koma ta wata hanya, Yusufu kuma ya tashi da dare ya fita da iyalinsa bai yi shela ba. Almajirai a Dimashƙu sun zurara Bulus a cikin kwando ta kan garu da dare. A 1 Sama'ila sura 22 kuwa, maganar mutum ɗaya, Doyeg, da ya faɗi inda ya ga Dawuda, ita ta jawo aka kashe firistocin Nob tamanin da biyar. Ɓoye inda bawan Allah yake a lokacin hatsari ba rashin bangaskiya ba ne. Shaidar tafiya tana da daɗin ji bayan an sauka lafiya.

ABIN DA MUKE ROƘO A YI

Ga kowane mai babbar waya:

1. Ka sa wa wayarka lambar kullewa da ba shekarar haihuwarka ba ce, ba kuma 1234 ba. Ka kashe ta kafin ka miƙa wa mai caji. In za ta kwana wurin mai gyara, ka cire layinka da katin ajiya.

2. Idan wani ne ya buɗe maka asusun Google ko Facebook, ka zauna da ɗanka ko wani amintacce a sauya kalmar sirrin a gabanka, a fitar da duk wata na'urar da ba taka ba. Ka rubuta sabuwar a takarda ka adana a gida.

3. Ka shiga saitin waya ka duba manhajojin da ke da izinin sanin inda kake. Taswira tana da dalili, ita ma a bar ta sai lokacin da ake amfani da ita kawai. Wasanni da tocila da manhajar waƙoƙi ba su da dalili. Ka hana kyamara rubuta wuri a jikin hoto. In ba ka bukatar lokeshan, ka kashe shi, batirinka ma zai ƙara daɗewa.

4. A WhatsApp ka kunna matakin tsaro na biyu, wato lambar sirri ta kanka, ka kuma riƙa duba jerin na'urorin da aka haɗa da shi. Lambobin da aka turo maka ta saƙo, kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce shi bishop ne.

5. Ka goge duk manhajar da ba daga rumbun kamfani ta fito ba, kada kuma ka latsa saƙon tallafin da ba ka nema ba.

6. Idan wayarka ta ɓace, ka je a rufe layin a ranar, ka sanar da banki da shugaban zauren da kake ciki. Ka latsa *#06# tun yau ka rubuta lambar jikin wayarka mai lamba 15, domin 'yan sanda za su tambaye ta.

Akwai lokacin da sanin inda kake alheri ne. In za ka yi tafiya mai nisa, WhatsApp yana ba ka dama ka nuna wa wani inda kake na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Ka nuna wa mutum ɗaya, matarka ko mijinki ko ɗan'uwa, ka rufe da ka isa. Wannan zai iya taimakon masu nema in wani abu ya faru. Abin da muke ƙi shi ne a watsa wa taro.

Ga dattawa da majalisun ikilisiya: muna roƙo kowace majalisa ta tattauna wannan a zamanta na gaba. A daina nuna taron tara kuɗi kai tsaye, a daina kiran adadi a lasifika. Hotunan taro a sa su bayan baƙi sun isa gida. Kada a rubuta ranar tafiyar fasto ko mai bishara ko ma'aji a zaure, haka ma wurin da matasa za su kwana a lokacin taro ko fita bishara, a gaya wa iyaye baki da baki. A tsabtace kowane zaure, duk lambar da ba a san mai ita ba a cire. A kuma zaɓi matasa biyu masu aminci, namiji da mace, su zauna bayan sujada su taimaki tsofaffi da iyayenmu mata su gyara wayoyinsu, mai waya yana kallo, shi ne kuma zai shigar da kalmar sirrinsa da hannunsa.

Ga matasanmu: ku kuka fi mu sanin waɗannan na'urori, kuma ku kuka fi sa hotuna. Ilimin da Allah ya ba ku amana ne. Wanda ya san makullin wayar mahaifinsa ko ta budurwarsa ya riƙa bin sawunsu a ɓoye, ya aikata abin da muke kuka da shi. Haka ma miji da mata: zargi ba ya warkewa da manhajar leƙen asiri, a zo wurin dattawa a zauna.

Ga hukuma kuwa muna da magana. Tun Disambar 2020 aka tilasta wa kowa ya haɗa layinsa da lambar zama ɗan ƙasa, mutanenmu suka bar gonakinsu suka yi layi a rana, bisa alkawarin cewa hakan zai sa a riƙa gano masu laifi. Iyalan da aka kira ta waya aka yi cinikin ran ɗansu suna da hakkin su tambayi inda alkawarin ya kwana. A watan Yunin 2023 kuma an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, an kafa hukumar da za ta kula da ita. Muna roƙo a fassara abin da dokar ta ƙunsa da Hausa, a karanta a rediyo, domin manomin Hunkuyi da mai tumatir na Ikara su san suna da hakki a kan bayanansu, su kuma san ƙofar da za su buga in an ci amanarsu.

Kalma ta ƙarshe, kada wannan gargaɗi ya zama dalilin zargin maƙwabci. Mu kaɗan ne a wannan yanki, zamanmu kuma ya dogara ga amana tsakaninmu da waɗanda muke zaune tare da su tun kakanni. Infoma yana iya fitowa daga kowane gida, har da namu. Abin da ka koya a nan ka koya wa maƙwabcinka Musulmi, domin ɓarawon da ya shiga gidansa yau, gobe naka zai shiga. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka kai wa mai unguwa da jami'an tsaro, kada ka yanke hukunci da kanka, kada kuma ka watsa jita-jita a waya.

Dattijon nan namu ya sauya kalmar sirrinsa a ranar, kafin a kawo tuwo. Muna roƙon kowane mai karatu ya yi nasa kafin Lahadi mai zuwa, ya kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku, ya dawo da waɗanda ke hannun miyagu gida lafiya, ya ba ƙasarmu salama. Amin.

Naku cikin hidimarsa,
Edita